Haɗa tayar gaba da ta baya a tsohuwar motar gudu

Mai tsohuwar Porsche 911 a Legas, ko Mercedes SL ta shekarun 1970 da 1980, ko Datsun 240Z, ya fi shan wahalar taya a kan wahalar inji. Inji in ya samu bakanike mai haƙuri zai tashi ko da an daɗe. Taya kuwa sai abin da jirgin ruwa ya sauke. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, daga nan kusan duk tayar da ke birgima a titin Ikorodu shigo da ita aka yi. Mai shigo da kaya kuma ba don mota ɗaya da ke fitowa ranar Lahadi yake cika kwantena ba. Corolla yake tunani, da Camry, da Hiace. Shi ya sa za ka tarar da 205/55 R16 a kusan kowane shago a kasuwar kayan mota ta Ladipo, amma ka wuni kana zagaye ba ka ga abokiyar tafiyarta 225/50 R16 ba. In gajiya ta kama mutum sai ya karɓi wadda aka ce ta yi kusa, daga nan ne ake lalata motar da aka kashe wa kuɗi masu yawa.

Kafin komai sai an iya karanta lambar da ke gefen taya. Ɗauki 225/50 R16. Lambar farko, 225, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 50, ita ce ke ruɗa mutane, domin ba milimita ba ce. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, ya kai kashi 50 cikin 100 na faɗin. Wato rabin 225, milimita 112.5. Harafin R na nufin radiyal ce, 16 kuma girman rim ne a inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka rim 16 ya kama milimita 406.4. Tsayin taya gaba ɗaya shi ne gefe biyu, na sama da na ƙasa, a haɗa da rim: 112.5 sau biyu ya ba da 225, a ƙara 406.4, an samu milimita 631. Yi wa 205/55 R16 irin wannan lissafi, za ka samu 632. Ka ga ɗaya ta fi ɗaya faɗi da milimita 20, amma tsayinsu ɗaya ne har kusan ba a iya bambancewa. Wannan ne ya sa aka haɗa su aure a 911, 205/55 a gaba, 225/50 a baya, tun ƙarshen shekarun 1970, kuma wannan lissafin ne mizanin duk wani haɗi da za ka yi.

Abin da masu sayarwa suke kallo shi ne lambar ƙarshe kawai. Za ka ce 225/50 kake nema, yaron shago ya shige ciki ya fito yana mirgino 215/60 R16, ta Camry, sabuwa fil da ledarta.

"Alhaji, ai duk sha shida ce. Za ta shiga, ni zan ɗaura maka da hannuna."

Gaskiyarsa, za ta shiga rim ɗin. To amma ka sa a tsayar da ita a kan siminti mai laushi kusa da 205/55 ɗin da za ta zauna a gaba, a ɗora katako miƙaƙƙe a kan doguwar. Za ka ga rata tsakanin katakon da gajeriyar har yatsu biyu su shige. Tsayin 215/60 R16 milimita 664 ne, ta ɗara ta asali da 33, sama da kashi 5 cikin 100. Bayan motar zai ɗaga da milimita 16 da ɗoriya, hanci ya sunkuya, hasken fitila ya faɗo kusa. Maleji a irin waɗannan motoci daga giyabos yake karatu, wato juyawar tayar baya yake ƙirgawa, don haka yana nuna 100 kana tafiya 105. Motar za ta yi nauyin tashi kamar an tsawaita kowace giya. Sannan da fasinja ya zauna aka faɗa rami, kafaɗar tayar za ta gogi leɓen fenda. Ita 225/55 R16 da ake yawan kawowa a madadin, tsayinta 654 ne, kashi 3 da rabi, ita ma ta wuce gona da iri.

Ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce kada tsayin sabuwar taya ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. A ganina wannan iyaka ce ta ƙarshe. Tsakanin gaba da baya ya fi kyau a tsaya cikin kashi 1 zuwa 2, ko kuma daidai ratar da kamfani ya bari. A motar da ke da ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, abin ya fi tsanani, domin na'urar tana gwada gudun kowace ƙafa da 'yan uwanta ne, in ɗaya tana juyawa a hankali kullum sai ta ɗauka zamewa ake yi. Mercedes ta fara sa ABS a SL tun 1980, Porsche kuma ta sa wa 911 a 1989 da zuwan samfurin 964. Carrera 4 ta wannan samfuri ƙafa huɗu take ja, kuma bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana sa giyar da ke raba ƙarfi a tsakiya ta yi ta aiki ba hutu. Hagu da dama kuwa babu zancen kashi: ƙafa biyun gaba iri ɗaya, ƙafa biyun baya iri ɗaya, lamba ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, cinyewa ɗaya.

Sai tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a je kasuwa: shin motar ma an ƙera ta ne don tayar baya ta fi ta gaba faɗi?

A 911 amsar tana bin shekara. Ta farko, ta 1964, da 165 HR 15 ta fito a duk ƙafa huɗu. Carrera RS ta 1973 ce ta zo da 185/70 VR 15 a gaba kan rim mai faɗin inci 6, da 215/60 VR 15 a baya kan inci 7. Lissafa su: 640 da 639. Haka 911 SC ta 1978 zuwa 1983 ta gada, tare da zaɓin rim 16 mai 205/55 da 225/50, haka kuma Carrera 3.2 da ta biyo baya. Dalili a fili yake. Injin yana can bayan ƙafafun baya, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya yake. In direba ya shiga kwana da gudu ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur, nauyi ya koma gaba, bayan ya yi sako-sako, sai gindin motar ya nemi ya wuce hancinta. Faɗin tayar baya shi ne ke ba da sararin da mutum zai gyara kafin ta juya. Wanda ya sa 205/55 a duk huɗu a SC saboda ita ce ke samuwa, wannan sararin ya rage. A gosulon Oshodi ba zai taɓa ji ba. Ranar da zai ji ita ce ranar ruwan Yuni, a kwanar saukowa daga gadar Third Mainland.

Wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren ma matsala ce. Ratar da kamfani ya bari milimita 20 zuwa 30 ce. 911 Turbo ta ƙarshen shekarun 1980 ce ta kai 40, da 245/45 a baya, kuma ita tana da rim mai faɗin inci 9 da faffaɗan fenda da aka yi domin hakan. In aka cusa 245 a SC da faɗin rim ɗinta inci 7 ne, tayar za ta kumbura kamar an ɗaure buhu a tsakiya, gefenta ya riƙa lanƙwasa a kwana, ta riƙa cinyewa ta tsakiya, ga gugar fenda.

Su kuwa masu inji a gaba, yawancinsu da taya iri ɗaya suka fito a duk huɗu. Mercedes SL samfurin R107 ta yi shekaru da 205/70 R14 kan rim 6.5, daga gyaran da aka yi mata a tsakiyar shekarun 1980 ta koma 205/65 R15 kan rim 7. Datsun 240Z 175 R14 ce. Jaguar E-Type 185 R15, mai silinda 12 ta ƙarshe kuma 205/70 R15. MGB 155 ko 165 R14. Masu gyara irin waɗannan motoci suna son faɗaɗa baya don kwalliya, motar ta yi zaman kura in an kalle ta daga baya. Kyau kam tana yi. Abin da ake biya shi ne gaba ya zama shi ne mai rauni: ka karya sitiyari a kan jiƙaƙƙen titi, motar ta ci gaba da tafiya miƙe. An kuma rasa damar juya tayoyi gaba da baya don su cinye tare, safaya ta zama ta ɓangare ɗaya kawai. In an ƙara wa injin ƙarfi sosai har baya na ƙwacewa, ƙarin milimita 10 zuwa 20 a baya yana da hujja. In injin na nan yadda yake, a bar su huɗu iri ɗaya. Abin da ba a yi ko kusa shi ne gaba ta fi baya faɗi ko ta fi ta riƙo a motar da ke ja da baya.

Akwai wani abu game da faɗi da ba a cika faɗa ba. Ƙafafun waɗannan motoci an tsara su ne don siririyar taya mai zagayayyar kafaɗa. Jikin motar yana kwantawa sosai a kwana, ƙafa ta karkata tare da shi, taya mai zagayen kafaɗa kuma tana mirginawa a hankali ba tare da ta saki ƙasa ba. Tayar zamani mai faɗi kafaɗarta a miƙe take kamar bulo. Tana riƙewa da ƙarfi har zuwa wani wuri, in jikin ya kwanta sai gefe ɗaya ya ɗaga, ta saki gaba ɗaya ba gargaɗi. Ƙari a kan haka, 240Z da MGB da 911 ta kafin 1989 ba su da fawa a sitiyari. Kowane milimita 10 da ka ƙara a gaba a damtsenka za ka ji shi lokacin fakin, kuma boris da tayarod da akwatin sitiyari masu shekara arba'in zuwa hamsin su ne za su ɗauki nauyin. Faffaɗar taya tana kuma bin kwarin da manyan motoci suka haƙa a kwalta, irin na hanyar Apapa, ta riƙa fizgar sitiyari hagu da dama. A ruwa kuwa, gaban 911 da ba shi da nauyi ya fi saurin tasowa kan ruwa in tayar ta yi faɗi, domin nauyin da zai matse ruwan ya fita ta zanen bai kai ba.

Rim shi ne rabi na biyu na lissafin. Faɗinsa a rubuce yake a bayansa ko a cikinsa, kamar 7J x 16 ET 23. Ba a auna shi daga waje zuwa waje, daga inda leɓen taya ke zama zuwa ɗaya gefen ake aunawa, shi ya sa tef ɗin awo yake ba da kusan inci ɗaya fiye da abin da ke rubuce. Kowace taya tana da iyakar rim da ta yarda da shi. 205/55 R16 tana zama a inci 5.5 zuwa 7.5. 225/50 R16 tana zama a 6 zuwa 8. 245/45 R16 sai 7.5 zuwa 9. 195/65 R15 kuma 5.5 zuwa 7. Tsakiyar iyakar ta fi daɗi, kuma duk rabin inci da rim ya ƙaru yana buɗe tayar da kimanin milimita 5, abin da ya kamata a tuna in wuri ya yi ƙunci.

Lambar ET ita ce nisan fuskar da ke manne wa ƙafa daga tsakiyar rim, a milimita. In ta yi ƙasa, rim ya fito waje, in ta yi sama, ya shige ciki. Rim ɗin Fuchs na 911 misali ne mai kyau: mai inci 6 ET 36 ne, mai inci 7 kusan 23, mai inci 8 kusan 11. Duk inci ɗaya da aka ƙara, ET ta ragu da rabin inci, ma'ana gefen ciki yana nan inda yake, duk ƙarin faɗin waje yake fitowa. Saboda haka in aka mayar da rim 7 na baya zuwa gaba, leɓen fenda ne zai fara kuka. A Mercedes kuma tarkon daban ne. Ramukan noti biyar na SL sun yi daidai da na sababbin Mercedes, 5 x 112, sai a ɗauka kowane rim zai yi. Na SL ET ɗinsa 25 zuwa 30 ne, na sababbin kuwa sau da yawa ya haura 35 ko 40, don haka yana shigewa ciki ya kusanci shokazoba da tiyon birki. Tsawon notin ma ba ɗaya ba ne. Ana cike ratar da faifan ƙarfe da ake sakawa tsakanin rim da ƙafa, amma sai wanda ya zauna daram a kan cibiyar ƙafar, da noti mai tsawon da ya ƙaru daidai kaurin faifan. Wanda aka yanka a wurin mai walda, ramin tsakiyarsa na lilo, girgiza zai kawo daga gudun 80.

Tsofaffin lambobi marasa lambar tsakiya, irin 165 R15 ko 185 R14, tsayin gefensu kimanin kashi 80 ne. Da 80 ake lissafa su. 175 R14 ta Datsun ta kama 636, don haka 195/70 R14 mai 629 ta yi kusa, kuma ita ce kamfanin da kansa ya koma sa wa 280Z. 165 R14 ta MGB 620 ce, 185/70 R14 kuma 615. A nan ne Legas take da nata tarko. Ka ce 185 R14 kake nema don Mercedes SL ta shekarun 1960, nan take za a kawo maka, har ka yi mamakin sauƙin. Duba ƙarshen lambar. In ka ga harafin C, 185 R14C, tayar danfo ce. An yi ta don ɗaukar kaya, gefenta ƙaƙƙarfa kamar itace, iyakar gudunta ƙasa take. Motar za ta riƙa tsalle a kan kowace gaɓar gada, riƙon ruwanta kuma ba na motar gudu ba ne. Haka 205/70 R15 da ake samu a kasuwa, galibi ta tsohuwar Honda CR-V ce da ire-irenta. Girman ya dace da Jaguar, ginin bai dace ba.

Harafin gudu da lambar nauyi suna biye da lambar girma, kamar 92V. S na nufin kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270. Lamba 89 kilo 580 ce a kan taya ɗaya, 91 kilo 615, 92 kilo 630, 94 kilo 670. Wani zai ce ina za a yi gudun 240 a Legas. Ba za a yi ba, amma harafin yana kuma nuna yadda ginin tayar ke jure zafi da yadda gefenta ke tsayawa a kwana, kuma in gaba V ce baya T, ƙafafun biyu ba za su amsa sitiyari a lokaci ɗaya ba. Kada a sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce, musamman lambar nauyi a bayan 911.

Wanda ke da BMW 635CSi ko wata motar Turai ta shekarun 1980 ya leƙa gefen tayarsa da kyau. In ya ga 220/55 VR 390, to TRX ce, tsarin da Michelin ta fito da shi a 1975, wanda rim ɗinsa milimita 390 ne, ba inci ba. Rim 15 milimita 381 ne, rim 16 kuma 406. Babu wadda ta dace, kuma siffar bakin rim ɗin ma daban ce. Mai faci da ƙarfen zare taya da ruwan sabulu yana iya tilasta wa ta 15 ta hau, amma wayar da ke cikin leɓenta ta riga ta ji rauni, tana iya fashewa tun a wurin ba da iska. Hanya biyu ce: a yi odar TRX, domin Michelin tana yin ta har yanzu a jerin tayoyinta na tsofaffin motoci, ko a sauya rim huɗun zuwa inci 16. Sa'ar da aka yi, tsayin 220/55 a kan 390 ya kama 632, daidai da 225/50 R16 da 205/55 R16.

Rim mai waya irin na Jaguar da MG yawanci sai da tib, domin iska na bi ta ramukan wayoyin. Ba a sa tib a tayar da lambar tsakiyarta ta gaza 70, wannan kaɗai ya isa ya hana mai irin wannan rim komawa 60 ko 65. A cire duk wata takardar manne da ke cikin tayar kafin a sa tib, in ba haka ba za ta goge shi har ya huje. Kuma in har akwai sauran tsohuwar taya mai zaren gicciye, irin mai lamba 6.40-15, ba a haɗa ta da radiyal a ƙafa biyun gaba ko a ƙafa biyun baya, ba a kuma sa radiyal a gaba ita a baya.

Zancen rage tsayin gefe don motar ta kwanta ƙasa, titin Legas ya riga ya ba da amsa. 185/70 R15 gefenta milimita 130 ne. 205/50 R15 gefenta 102, tsayinta 586 maimakon 640, motar ta sauka da milimita 27. Wannan ne bambancin tsallake tudun rage gudu a cikin unguwa lafiya da barin salansa a kai, kuma ramin da taya mai gefe 130 za ta shanye, mai 102 rim za ta miƙa wa. Masu ƙara tsayi don tsoron ambaliyar Lekki su ma lissafi bai goyi bayansu ba. Kashi 3 cikin 100 na 640 milimita 19 ne, rabinsa ne kawai ke ɗaga mota, ƙasa da santimita ɗaya.

Saboda duk wannan, tsarin saye ya kamata ya juya. A fara da girman da ya fi wuyar samu, wanda kusan kullum na baya ne. In an same shi, sai a nemi na gaba a kamfani ɗaya da zane ɗaya. Mutane suna yin akasin haka, su sayi 205/55 biyu yau saboda ga ta, su ce na baya sai an samu, ƙarshe a haɗa roba biyu masu hali daban, ɗaya mai laushi ɗaya mai tauri. A busasshen titi ba a gane komai, a ruwa ne ɗaya take saki kafin ɗaya. Ga mai rim 15 a 911, 195/65 R15 mai tsayi 635 tana maye gurbin 185/70 a gaba ba matsala, kuma tana ko'ina. Ta bayan ce aiki: 215/60 R15 ta yi ƙaranci. 205/60 R15 tana da 627, ta gaza ta asali da kusan kashi 2, ta kuma rage ratar faɗi zuwa milimita 10 kacal. Za ta kai mutum gida, amma ni ba zan kira ta mafita ba. Mafitar ita ce oda. Pirelli ta dawo da CN36 da P7 a waɗannan girma, Michelin na da XWX da XAS, Vredestein na da Sprint Classic, duk da siffar da da robar zamani. Masu harafin N da lamba a gefe, Porsche ce ta gwada su ta amince. Suna da tsada, ga kuɗin jigila da na kwastan, sai dai motar da ba ta yin kilomita dubu uku a shekara sau ɗaya za ta saya a shekaru da dama. In kuɗin biyu kawai ake da shi a motar da ke da huɗu iri ɗaya, sababbin a baya ake sa su.

Shekaru ne ke kashe tayar irin wannan mota, ba tafiya ba. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta, ko zanenta bai taɓu ba ta zama ta ado. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma komai kyanta, zafi da ranar Legas kuma ba sa ƙara mata kwana. Jami'an kiyaye haɗurra ma wannan lambar suke dubawa a hanya. Tokumbo ba ta da wuri a nan, domin da wuya a samu huɗu masu shekara ɗaya da cinyewa ɗaya. Ko sabuwa ce, shafa leɓenta na ciki da hannu ko'ina. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kamawa, kuma wadda aka yi wa haka leɓenta yakan lanƙwashe ko gefenta ya yi ƙwarya.

In za a kauce wa girman asali ko da kaɗan ne, a ɗaura ɗaya a gaba ɗaya a baya tukuna a gwada, bayan an yi magana da mai shago cewa za a iya mayarwa. A sauke motar daga jak, a tura ta gaba da baya ta zauna. A karya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, a zura hannu a ji tsakanin taya da shokazoba, da tiyon birki, da cikin fenda. Ana son aƙalla milimita 10 zuwa 15 ko'ina, kimanin kaurin ɗan yatsa, domin taya tana lanƙwasa a kwana fiye da yadda take a tsaye. A shafa alli a leɓen fenda ta ciki, mutum biyu su shiga, a cika tanki, a bi ta kan tudun rage gudu a karkace. In allin ya hau taya, ta taɓa. A gwada hagu da dama duka, domin motar da ta shekara arba'in ta sha hannun masu gyaran jiki, da wuya ɓangarorinta biyu su zama ɗaya, kuma sifirin da ya gaji yakan sa gefen direba ya fi sauka.

Iska kuma kada a bar wa mai faci ya yanke hukunci. Da yawa 40 ko 45 suke bugawa a kowace taya, wasu ma da dukan ƙarfe suke aunawa. 911 ta shekarun 1978 zuwa 1989 tana son 29 a gaba, 34 zuwa 36 a baya gwargwadon shekararta, kuma wannan ratar wani ɓangare ne na daidaiton motar kamar yadda faɗin tayar yake. In aka buga 40 a duk huɗu, gaban da ba shi da nauyi zai riƙa tsalle yana yawo. Takardar da ke manne a jikin motar ko littafinta ita ce hujja, a kuma auna da safe kafin a fita, da gejin da mutum ya saya ya ajiye a motarsa. Notin 911 na alminiyam ne, ana ɗaure shi da sifana mai awon ƙarfin ɗauri a kan 130 Nm, na SL a kan 110, ba da bindigar iska ko tsayawa a kan ƙarfe ba. Bayan an yi balansin da saitin ƙafa, a yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya, a kuma bi sabuwar taya a hankali na 'yan kilomita ɗari na farko, domin fuskarta tana da santsi daga masana'anta.